Da gaske ana tara fatar mutum saboda zanen jarfa?

Tambaya: Malam, na ji an ce a Turai da Japan akwai masu tara fatar mamatan da aka yi wa jarfa. Gaskiya ne? Kuma yaya ake yi ba ta ruɓewa?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Wani likitan Japan, Fukushi Masaichi, wanda ya rasu a 1956, ya shafe shekaru yana tara fatun masu jarfar jiki gaba ɗaya. Har kuɗin ƙarasa zanen yakan biya wa mutum, da sharaɗin idan ya mutu a ba shi fatar. Fiye da 100 suna ajiye a Jami'ar Tokyo. A 2008 kuma wani Bajamushe, Rik Reinking, ya sayi zanen jarfar da ke bayan wani mutum mai suna Tim Steiner a kan Yuro 150,000, mai bayan yana raye. Steiner kan zauna a gidan baje koli ba riga, ya juya wa 'yan kallo baya, ranar da ya mutu za a ɗaye fatar a saka a firam.

Zanen yana ɗorewa ne domin allura tana kai tawadar zurfin milimita 1 zuwa 2, ƙarƙashin fatar sama mai saɓa. Amma lokaci ba ya jira: wani kamfani mai adana irin wannan fata a jihar Ohiyo ta Amurka ba ya son a wuce awa 72 da rasuwa. Ana kankare kitsen da ke manne a ciki tas, don idan aka bar shi zai yi ɗoyi ya ɓata launi. Daga nan ko dai a tsoma fatar a ruwan famalin ko gilisarin, wato sinadarai masu hana ruɓewa, ko a miƙe ta a kafe da ƙusoshi ta bushe. Busarwar ce ta fi kawo matsala. Fatar kan motse, gefenta ya nannaɗe tsakanin ramukan ƙusa, ta yi tauri kamar ganda, zanen fuska ya karkace. Hasken rana kuma yana koɗar da tawada.

Abin da ya fi damuna shi ne izini. Guntayen fata masu jarfa 300 da aka sayo wa Henry Wellcome, wani attajiri mai tara kayan tarihin likitanci a Landan, daga Paris a 1929, yawancinsu ana kyautata zaton na sojoji ne da matuƙan jirgin ruwa da fursunoni, kuma sunayensu sun ɓace. A 2004 Ingila ta kafa doka: ba a nuna wa jama'a sassan jikin wanda ya mutu bayan dokar sai da amincewarsa a rubuce tun yana raye.