Amsar tambayar BIM, daga Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da ƙarar babura, a bakin Ƙofar Ƙaura nake. Ƙanena Injiniya, na ji tambayarka tun jiya, wai me ya hana mu amfani da BIM, wato samfurin gini na kwamfuta da kowa ke zuba aikinsa a ciki, a ayyukan haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa, alhali yaranmu sun iya Revit, manhajar da ake yin irin wannan samfurin da ita.

To, ba a kwamfuta gizo ke saƙar ba, a takardar yarjejeniya yake. Ka ga, mai zane ya sa nasa, kai ka sa pila da rodi, mai famfo ya ja bututunsa, duk a fayil ɗaya. Sai an zuba kankaren dakin a ga bututu ya ci karo da pila, dole a fasa. Wa zai biya? Kowa cewa zai yi wani ne ya taɓa fayil ɗin bayan ya gama nasa. Kwangilolinmu kuwa zanen takarda mai hatimi da sa hannu suka sani. In takarda ta ce kaza, samfuri ya ce kaza, wanne alƙali zai ɗauka? E, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da abin da kwamfuta ta fitar, amma bai faɗa maka wanne ke gaba ba.

Sannan mallaka, nan ne ya fi damuna wallahi. A ce kamfani ya gina kasuwa, ya karɓi haya shekara 25, ya miƙa wa gwamnati. Ginin dai ya miƙa. Fayil ɗin fa, na wa ne? Dokar ICRC ta 2005, wato dokar hukumar da ke kula da irin wannan haɗin gwiwa, ba ta ambaci wannan ba, ita ma ayyukan tarayya ta shafa, ba na jiha ba.

Ko Ingila da ta wajabta BIM a ayyukan gwamnatinta tun 2016, a 2017 sai da kamfanin Trant ya kai Mott MacDonald, kamfanin da ke yi masa zane, kotu saboda an rufe masa ma'ajiyar fayilolin aiki kan rikicin kuɗi, kotu ta ce a buɗe.

Don haka in irin aikin nan ya zo maka, kafin ka kunna kwamfuta ka zaunar da lauya. A rubuta wa ke riƙe da ma'ajiya, wa ke da ikon gyara, wanne ke gaba in an samu saɓani. Bari in tsaya nan, an kira la'asar.