Amsa: An ce hanjin yarona ya haura ƙirji

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Kin ce yana da shekara 2, tari da ciwon huhu sun ƙi rabuwa da shi, yanzu kuma hoton ƙirji ya nuna hanji a sama, kina tambaya ko gaskiya ne.

Yana faruwa, ko da yake ba kasafai ba. Akwai shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, da ita muke jan numfashi. Tun yaro na ciki, wajen mako na 8 zuwa 10, take haɗewa. In ta bar rami, hanji ko tumbi sai su bi ta nan su danne huhu. A irin wadda aka fi gani, ramin yana ta wajen baya ne, galibi hagu, likitoci na kiranta Bochdalek. Jariri kan fito da wahalar numfashi tun ranar haihuwa. Ɗayar, Morgagni, tana bayan ƙashin ƙirji, ita ce mai ɓuya, har dattijo ana iya gano masa ita. Wani lokaci hanjin ma bai zauna daidai a mazauninsa ba, shi ya sa ake ƙara hoto.

Ba sammu ba ne, don Allah kada a yi masa tsaga ko ɗaurin ciki. Maganinta tiyata: a mayar da hanji, a ɗinke ramin. Ki riƙe hotunan ki nemi likitan tiyatar yara nan Maradi, in ya tura ku Yamai ku tafi. In kika ga amai kore, ciki ya kumbura ko leɓe ya yi shuɗi, asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.