Filtar tafiya ba kowane ruwa take tacewa ba

Kai yaro, na ga saƙonka. Ka ce jiya ba na nan wani mai fataucin shanu ya tsaya a shago, yana son ƙananan filtocin nan na tafiya da ake zuƙar ruwa da su, ya tambaye ka ko kowane irin ruwa suke tacewa, kuma yana son ya ɗauki guda ashirin ya biya rabi, sauran sai ya dawo. Kai kuma kana tambayata ko ka ce masa eh ka ba shi. Tambaya biyu ka yi, amsarsu duka a'a ce. Abin da ya ɓata mini rai ma shi ne har ka tsaya tambayar ta farko, alhali an rubuta amsarta a bayan kwalin da kake zaune a kansa kullum kana latsa waya.

Yadda ake ɗaura ta a bakin gora da ta inda ruwa yake shiga, ba zan ɓata yawuna a kai ba, akwai kibiya a jikinta, wanda bai gane kibiya ba ya nemi wata sana'ar. Abin da nake so ya zauna maka shi ne abin da ke cikinta. Ɗauko wadda na yanka da zarto, tana cikin durowar ƙasa. Za ka ga wasu fararen zaruruwa a lanƙwashe kamar siraran taliya, kowanne da rami a tsakiyarsa. Jikin kowane zare cike yake da ƙofofin da ido ba ya gani. Na kamfanin Sawyer faɗin ƙofarsu maikuron 0.1 ne, na kamfanin LifeStraw 0.2, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Gashin kanka kaurinsa ya kai wajen maikuron 70, sai ka auna. Ƙwayar kwalara da ta taifot sun fi ƙarfin ƙofar, ba sa wucewa. Ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin da ke kawo atuni da zawo mai kumfa su ma ba sa wucewa. Laka ba ta wucewa. Iyakar aikinta ke nan, kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma bairus yana wucewa. Wanda ke kawo ciwon shawarar nan ta ruwa, irin wadda ta ɓarke a Diffa a 2017 ta fi yi wa mata masu ciki ɓarna, girmansa wajen maikuron 0.03 ne kawai. Duk abin da ya narke cikin ruwa shi ma yana wucewa: gishiri, kanwa, maganin feshin gona, dalma. Ruwan zartsi in ya shiga, zartsi zai fito. Mutumin da ya ɗebi ruwa a kududdufin da ake wanke ƙasar zinariya, ya zuƙa da wannan filtar, fes zai ga ruwan, amma gubar tana ciki. Kai ba ka yi wayo ba a 2010 lokacin da dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum. Mu da muka ga lokacin ba ma furta kalmar "kowane ruwa" a bakin shago.

Na san inda mutane suka samo wannan imanin. Zamanin kurkunu ne. Ƙidayar da aka yi a Najeriya a 1988 ta nuna masu kurkunu sama da dubu 650. Cibiyar Carter da ma'aikatan lafiya suka bi ƙauyuka suna raba ƙyallen tace ruwa, makiyaya da matafiya kuma aka ba su ɗan bututu mai raga a baki su rataya a wuya. Janar Yakubu Gowon da kansa ya riƙa zagaye a kan maganar. Abin ya yi aiki, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da cutar. To amma kurkunu a cikin wani ɗan ƙwaron ruwa yake zuwa, wanda in ka ɗaga kofi a rana kana iya hango shi yana tsalle, raga ma ta isa ta tare shi. Daga nan mutanenmu suka ɗauka duk bututun da aka zuƙi ruwa da shi ya gama magana. Ku kuma yaran yanzu kun ƙara da bidiyon Bature yana durƙuso yana shan ruwan kwata, kuna tura wa juna.

Maganar bashi kuwa, zauna ka ji, don tun da na karanta saƙonka abin yake ci na.

A 2014 aka gano zinariya a Jado, can arewacin Nijar. Kano ta ɗauka, samari suka riƙa sayar da babura suna bin hanyar Damagaram zuwa Agadas, daga can su yanki Tenere su bi ta Dirku. A lokacin ne wani Alhaji mai motocin ɗaukar masu haƙa ya zo mini. Babbar riga ta sha aiki, carbi a hannu, kowace magana sai ya haɗa da salati. Wani maƙwabcin shago ne ya rako shi, ya ce ya san shi. Ya ce yaransa suna fama da ciwon ciki a hanya, yana son filta mai kyau, ba ya son ta banza. Na ji daɗin maganar, don ba kasafai ake samun mai tambayar mai kyau ba, kowa araha yake nema. Ina da kwali biyu na asali da na sha wuya kafin su iso hannuna daga Legas, kusan duk jarina na shekarar yana cikinsu. Ya biya kashi ɗaya cikin uku, ya ce sauran in motoci sun juyo.

Na zaunar da shi a bencin nan na yi masa karatu kamar yadda nake yi maka yanzu. Na ce masa Alhaji, yankin da za ku ƙasar gishiri ce, daga Balma ake kawo mana kantu, rijiyar da ta yi zartsi wannan ba za ta gyara ta ba. Na nuna masa yadda ake wanke ta da sirinji. Na ƙara masa ƙwayoyin kulorin kyauta daga aljihuna, na ce inda jama'a suka taru suna bayan gida kusa da ruwa, a tace sannan a jefa wannan. Ya yi ta gyaɗa kai yana sa mini albarka.

Sai bayan damina na sake ganinsa. Bai ko yi sallama ba. Ya sa yaro ya zazzage buhu a ƙofar shago, filtoci suka watse har cikin kwata, ya ɗaga murya yadda duk layin za su ji: na sayar masa da jabu, yaransa sun kwanta, biyu an kai su asibiti a Agadas, saura kaɗan in yi kisan kai. Mutane suka taru. Na duba kayan, launi ɗaya, rubutu ɗaya, sun yi daƙal-daƙal da ƙura. Na ce a ba ni lokaci in bincika, ya ce ba ya da lokacin maƙaryata. Ni da na yi shekaru ina harkar famfo da tace ruwa a kasuwar nan, ba a taɓa dawo mini da ko wasar famfo ba, aka kira ni maƙaryaci a gaban yarana. Dattawan layi suka shiga tsakani. Ka san sulhun kasuwa, wanda ya fi hayaniya shi ake lallashi. Aka ce in yi haƙuri in yafe sauran kuɗin, in kuma mayar masa da abin da ya bayar, a kashe wutar. Maƙwabcin da ya rako shi kuwa ranar ko ƙeyarsa ban gani ba. Na ciyo bashi na biya shi.

Da yamma bayan an watse na ɗauki guda ɗaya na ji ta fi tawa sauƙi a hannu. Na ɗaure ta a bais na sa zarto. Abin da ya faɗo shi ne guntun soson katifa da 'yar ragar waya, babu zare ko ɗaya. Na yanka ta biyu, haka. Na yanka ta uku, haka. Na ɗauko guda ɗaya da ta rage mini daga kwalin da na ba shi, wadda na ajiye don nuni, na yanka, ga zaruruwa nan fari tas. Ita ce wadda ke cikin durowar, tare da ta soson, na ɗaure su da roba. Daga baya wani direba da ya bar masa aiki ya zo sayen tiyo, shi ya warware mini zancen. Nawa na asali tun a Agadas Alhajin ya sayar da su ga masu kuɗin cikin masu haƙa, ya ninka farashi ya karɓa da sefa. Yaransa kuma ya sayo musu na bogi masu kama da su. Da suka kwanta ciwo ya ga hanya ta biyu ta samu, ya tattaro na bogin ya kawo mini. Ya ci riba a can, ya ci bashina, ya karɓe abin da ya biya, ya tafi da sunana. Na kai wa dattawan guntayen biyu na ajiye a gabansu, suka ce ai an riga an yi sulhu, in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma ban yafe ba. Kuɗin na mayar da su a hankali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an daɗe ana nuna shagon nan ana cewa ga mai filtar jabu, kuma 'ya'yan mutane sun sha ruwan rijiyar hanya ta cikin soso suna ganin sun tsira.

Shi ya sa kake ganin ina ƙona lamba da ƙusa mai zafi a gindin kowace filta, ina rubuta ta a littafi da sunan mai saye. Kai kana ganin tsufa ne da son wahala, har na ji ka kana gaya wa yaron shagon gaba wai Oga bai yarda da kowa ba. Wadda ta fita ba lamba, in ta dawo, daga kuɗinka zan cire.

Yanzu mai shanunka. Kafin ka taɓa kwali, tambaye shi inda za shi da irin ruwan da yake sha a hanya. In gulbi ne da tafkin daji inda ba mutane sosai, filtar kaɗai ta yi masa aiki mai yawa. In mashayar da shanu da mutane suke haɗuwa ce, ko bakin gari, ko kasuwar kara, sai ya haɗa biyu: ya tace, sannan ya jefa ƙwayar kulorin ta Aquatabs daidai da litar da aka rubuta a takardarta, ya jira minti 30. Kada ya juya tsarin. Kulorin a ruwa mai laka ƙarfinsa ƙarewa yake yi a kan lakar, kuma akwai ƙwayar zawo mai tauri da kulorin ba ya kashewa amma filta tana tare ta, don haka kowanne yana rufe ƙofar da ɗan'uwansa ya bari. In sun yada zango sun hura wutar shayi, ruwan da ya tafasa ya yi minti guda yana ɓararraka ya fi duka wajen kashe ƙwayar cuta, sai dai shi ma ba ya cire gishiri ko dalma. In kuwa hanyarsa ta bi ta wajen masu haƙar zinariya, ka gaya masa ya ɗauki ruwansa a jarka tun daga gari, ba mu da abin sayar masa da zai gyara wancan.

Ruwan tafkin rani da ya zama kunun laka shi ne yake kashe filtoci, kuma shi ne zai sa ya dawo maka da rigima. Ya ɗiba a bokiti, ya kaɗa ɗan alif ko dakakken ƙwallon zogale, ya bari ya kwanta, ya tsiyaye na sama ta cikin rawaninsa, sannan ya ba filta. Da ya ji zuƙa ta fara nauyi, ya cika sirinji da ruwan da aka riga aka tace, ya danna ta bakin da ruwa yake fita, da ƙarfi, har sai abin da ke fitowa ta ɗaya gefen ya daina ja. Mutane wurgar da sirinjin suke yi tun a tasha don suna ganin na asibiti ne, bayan sati su ce filta ta mutu. Ka sa shi ya yi a gabanka da hannunsa.

Akwai kuma wanda ba za ka taɓa tunaninsa ba don ba ka taɓa wuce Daura ba. A duwatsun Azbin da tsakiyar sahara, daren hunturu yakan kai ruwa ya daskare. Filtar da aka yi aiki da ita akwai sauran ruwa a zaruruwanta, in ya daskare sai ya tsaga su, daga waje kuma ba abin da za ka gani. Mai zuwa arewa a watan Disamba ko Janairu ya kwana da ita cikin aljihun rigarsa. Wadda aka bari a bayan mota ta daskare, ko wadda ta faɗo ta bugu da dutse har ruwan laka ya fara fitowa da duhunsa, a jefar da ita, ba a gyara ta.

In ya dawo gobe, ka nuna masa guntayen biyu da ke cikin durowa, ya riƙe su da hannunsa ya ga bambancin. Kuɗi hannu, ko guda ashirin ko guda biyu. In ya ce ya san ni, ka ce ya jira ni bayan azahar. Kafin nan ka hura gawayi ka sa ƙusa a wuta, sabon kwalin da ya zo ranar Litinin har yanzu ba ka sa masa lamba ba.