Zan shiga ramin azurfa a Potosi, madara za ta wanke min ƙurar?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wata mai zuwa zan je taro a Boliviya, abokan tafiya sun matsa mu biya ta Potosi mu shiga ramin da ake haƙar azurfa a dutsen Sero Riko. Ina da asma tun ina yaro, amma ta lafa. Hankalina dai bai kwanta ba. Wani ya ce in rufe hanci da ƙyalle, in na fito in sha madara gwangwani biyu, ƙurar za ta wanke. Haka ne?

Amsa: Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Sero Riko ba gidan tarihi ba ne da aka share don baƙi. Tun 1545 ake huda dutsen nan, har yau kuma ƙungiyoyin mahaƙa na aiki a cikinsa. Za ka bi hanyar da suke bi, kana duƙe, wani wurin da rarrafe, amalanken ƙarfe cike da dutse yana tahowa kan dogo, sai dai ka manne da bango ya wuce. A kasuwar mahaƙa ma nakiya ake sayarwa a fili, baƙi na saya su kai musu tsaraba. Kan dutsen ya rufta a 2011, a 2014 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Potosi cikin wuraren tarihin da ke cikin haɗari.

To, mu zo kan madara, don wallahi na gaji da jin wannan zance. Masu fasa dutse sun faɗa mini, masu niƙa dutsen zinare sun faɗa mini, har da ɗan kwangilar da ke raba wa leburorinsa gwangwanin madara da yamma yana ganin ya sauke nauyi. Ina madara ina huhu? Madara ta maƙoshi take bi ta faɗa ciki. Ƙura kuwa ta hanyar numfashi take bi, kuma wadda ke kisa ba wadda kake fyacewa baƙa a hanci ba ce. Ƙurar silika ce mai laushin da ido ba ya gani, ta wuce har ƙarshen huhu ta zauna. Jiki ya tura ƙwayoyin garkuwa su haɗiye ta, su kasa narkar da ita, su mutu, wurin ya zama tabo. Tabon nan ba ya gogewa, ko da nonon garke guda ka sha. Mahaƙan Potosi na kiransa "mal de mina", wato ciwon rami. Abin da ke ba ni haushi, mutum ya sha madararsa ya ji sanyi a wuya, gobe ya koma rami da hanci a buɗe. Sai bayan shekara goma a kawo mana shi yana haki daga ƙofa zuwa kujera, 'yan'uwa suna cewa sammu ne, an riga an kashe kuɗin gona wajen mai tallan maganin "wankin ƙirji" a bayan mota.

Kai da za ka yi awa biyu ko uku, ba wannan tabon nake ji maka ba. Asmarka nake ji. Garin Potosi kansa ya haura mita 4,000 sama da teku, Kano ba ta kai 500 ba. Iska ta riga ta yi ƙaranci kafin ka sa ƙafa a rami, ga ƙura, ga hayaƙin nakiya, ga zafi a can ƙasa bayan sanyin bakin rami. In ƙirji ya shaƙe a nan, fita kaɗai aiki ne. Ni a ganina ka tsaya a waje, ka je Kasa de la Moneda, tsohon gidan buga kuɗin azurfa da ke cikin gari.

In ka nace sai ka shiga, ka kwana biyu ko uku a birnin Sukre, mai tudun wajen mita 2,800, jikinka ya saba kafin ka hau. Ka sa takunkumin N95 da ya kama fuska sosai, ƙyalle ba ya tare ƙurar nan mai laushi, gemu mai kauri kuma yana hana shi kamawa. Ko shi ɗin ƙura yake tarewa, ba iskar guba ba. Abin shaƙarka ya kasance a aljihun gaba. Ka kuma yi gwajin jini na sikila kafin ka tashi: mai AS ma kan gamu da toshewar jini a saifa a irin wannan tudu, mai SS kuwa kada ya soma. Ganyen koka, wanda daga shi ake yin hodar iblis, da za su miƙa maka ka tauna halas ne a dokar Boliviya, amma yana fitowa a gwajin fitsari, kuma kada ka kuskura ka sako shi a jaka zuwa gida.