Ƙanina ya zauna JAMB sau uku: in sake biya ko in sa shi a shago?

Tambaya: Malam, ƙanina ya zauna jarrabawar shiga jami'a ta JAMB sau uku, bai taɓa kai maki 180 ba. Tun rasuwar mahaifinmu ni nake ɗawainiyarsa. Yanzu ya daina magana da kowa a gida, ni kuma raina ya fara ɓaci. In matsa masa ya sake, ko in haƙura in sa shi a shagona?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya saka maka da alheri. Ɗan'uwa, shirun nan da yaron ya yi ya fi damuna a kan makin. Wanda abokansa suka kai aji uku a jami'a yana zaune a ɗaki, ya riga ya yi wa kansa faɗan da ya fi naka zafi. Kada ka ƙara masa da gori, musamman a gaban ƙanne. Ka kuma sani ba shi kaɗai ba ne: a 2024, kusan kashi 76 cikin 100 na waɗanda suka zauna ba su kai maki 200 cikin 400 ba.

Amma tausayi ba ya nufin ka sake zaro kuɗi ka miƙa masa, ya koma ya yi abin da ya yi bara. Ku zauna ku biyu bayan Isha'i, ya kawo takardun sakamakon nan uku, ku bi darasi-darasi, domin kowanne makinsa daban yake fitowa. Sau da yawa za ka tarar Turanci ne ke jawo shi ƙasa, kuma shi ne ya fi yawan tambayoyi, 60 cikin 180, duka a awa biyu. Ka tambaye shi a hankali: yana gamawa kafin lokaci ya ƙare? Na sha ganin yaro mai ƙoƙari wanda hannunsa ke rawa a gaban kwamfuta don bai saba da ita ba, rabin awa ta wuce yana kan tambaya ta goma. Irin wannan ba daƙiƙi ba ne, atisaye yake buƙata, da jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa. Ka kuma tambaye shi ko fannin karatun da yake nema ra'ayinsa ne, ko kuwa don ya faranta muku rai ne. Nan ne yara da yawa suke fashewa da kuka.

Sannan ƙofar jami'a ba ɗaya ba ce. In yana da kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare har da Turanci da Lissafi, akwai IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda kan kai ɗalibi aji biyu kai tsaye. Akwai makarantar share fage ta Funtuwa. Akwai difloma ko NCE, daga baya ya ɗora digiri.

Shago kuwa ban ga laifinsa ba, in dai ba a matsayin hukunci za ka kai shi ba. Ya riƙa zuwa da safe, ka damƙa masa littafin ciniki, ka yanka masa ɗan abin kashewa, la'asar ta yi ya tafi darasi. Yaron da aka amince wa da aljihun tebur yakan dawo da kansa cikin mutane.

In kuma ka lura ya daina cin abinci, barci ya gagare shi, ko yana cewa rayuwarsa ba ta da amfani, ajiye maganar jarrabawa gefe, ka kai shi ya ga likita a wannan makon.