Tambaya da Amsa: Wace jarida ce Dina Thanthi?

Tambaya: Malam, na je Dubai sarin kaya, a wani shagon shayi na ga wasu Indiyawa sun yi cincirindo kan wata jarida mai rubutu kamar zare ya nannaɗe, na tambaya aka ce min sunanta Dina Thanthi. Don Allah daga ina take, kuma ya aka yi har Dubai ake samunta?

Amsa: To ɗan'uwa, yaren Tamil ne ka gani, na mutanen jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya, ba Hindin da muka saba ji a fina-finai ba ne, sam ba su haɗa hanya ba. Dina na nufin kullum, thanthi kuma waya ce irin ta telgiram ɗin da.

Wani lauya S. P. Adithanar ne ya kafa ta a garin Madurai a 1942, lokacin ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Turawan Ingila na mulkin ƙasar. A Ingila ya yi karatun lauya, ya yi aiki a Singafo kafin ya dawo gida. Kuma ba ita ce ta fari ba fa, akwai Swadesamitran tun ƙarni na 19, ga Dinamani da ta fito a 1934. Matsalar su waɗancan da Tamil ɗin masu boko suke rubutu, mai nauyi, talaka in ya ɗauka sai ya ajiye.

Shi Adithanar sai ya ce a'a, a rubuta yadda mai jan keken rikisho da wanzami za su gane, jimla gajera, kanun labari manya-manya da ko daga tsallaken titi za ka hango, ga labaran kotu da kisan kai da na 'yan fim. Har ƙarar suka da wuƙa suke rubutawa, "sathak sathak", masu ilimi suka yi ta yi musu dariya wai jaridar 'yan tasha ce, amma a ganina nan ne ma sirrin yake, domin mutane da yawa a teburin mai shayi suka koyi haɗa baƙi da ita, kwafi ɗaya ya zagaya hannuwa har ya yi laushi. Akwai ma wani labarin zane a ciki, Kanni Theevu, tun 1960 ake bugawa kullum bai ƙare ba, har Tamilawa in aiki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai su ce ya zama Kanni Theevu.

Adithanar ya shiga siyasa, ya zama kakakin majalisar jiha a 1967, ɗansa Sivanthi Adithan shi ya ci gaba da faɗaɗa kamfanin. Yanzu ana buga ta a Chennai, Madurai, Coimbatore, Salem, har Bengaluru da Mumbai da ke wajen jihar, suna kuma da tashar talabijin Thanthi TV.

Ta Dubai da ka gani, a 2014 suka fara bugun can, saboda tarin Tamilawan da ke aiki a Daular Larabawa.