Amsa: Portobello, naman kaza ko tashar jiragen ruwa?

Malam, ka ce ka ga Portobello a littafin girki, ka kuma gan shi a taswira, ka rasa wanne ne daidai. To, duka biyun daidai ne.

A girki, portobello naman kaza ne mai ruwan ƙasa, wanda aka bari ya girma har lemarsa ta buɗe kamar tafin hannu, ƙasanta baƙi-baƙi. Jinsinsa ɗaya da ƙaramin farin nan da ake sawa a gwangwani.

Amma ni tarihin garin ya fi taɓa ni. Portobelo yana Panama, a gaɓar tekun Karibiyan, ma'anarsa kuwa kyakkyawar tashar jirgi. Sifaniyawa suka kafa shi a 1597, kuma a wancan zamani ta nan ake lodin azurfar Peru zuwa Sifen. Shi ya sa idon kowa yake kansa. A 1739 Edward Vernon na Ingila ya ƙwace shi da jiragen yaƙi 6 kacal. Murnar wannan nasara ta sa aka raɗa wa wata gona a Landan sunan, daga ita titin Portobello mai kasuwar tsofaffin kaya ya samo nasa.